Bawon Madaci da Tambayar Hiliyom: Yadda Wani Sashen Jami'a a Arewacin Kamaru Ya Auna Buƙatarsa ta Babban Maganaɗisu

Lamarin ya taso ne a sashen kimiyyar sinadarai na ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na arewacin Kamaru, lokacin da aka sanar da wani tallafin sayen kayan bincike, aka ce kowane sashe ya kawo buƙatarsa guda ɗaya a rubuce. Jami'o'in arewar uku ne yanzu: ta Ngaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, sai ta Garwa ta 2022. Dukkansu ba su daɗe ba, ɗakunan gwaje-gwajensu kuma suna da sauran cikawa. Irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, shi ya sa zaman ya yi zafi.

Ba a yi jayayya kan abin da za a nema ba. Kowa ya ce na'urar NMR mai nuna yadda aka gina sinadari, wadda malamai da ɗalibai a nan suke ce wa RMN tun da da Faransanci ake karatu. Inda aka rabu shi ne girmanta, wato ƙarfin maganaɗisun da ke cikinta. Na zauna a kwamitin, kuma abin da ya faru a ciki ya cancanci a rubuta shi, domin duk sashen da ke tsakanin Ngaundare da Njamena zai iya tsintar kansa a wannan mararrabar.

Aikin da ya tsaya

Wata ɗalibar digirin digirgir, 'yar unguwar Hausawa a Garwa, ita ce silar maganar. Tana bincike a kan bawon madaci. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san gindin madacin bakin titi, yadda za ka gan shi duk sara inda masu neman maganin zazzaɓi da ciwon ciki suka ɓare shi. Ta fara ne daga kasuwa, wurin wani dattijo mai sayar da saiwoyi. Ta ce masa, "Baba, wane bawo kuke ɗiba, na gindi ko na reshe?" Ya ce, "'Yata, na gindi, kuma kada ki shanya shi a rana." Ta bi maganarsa. Ta shanya a inuwa, ta daka, ta jiƙa garin a cikin metanol, ta tace, ta ƙafe ruwan, ya bar wani baƙin danƙo. Daga nan aikin haƙuri ya fara: a zuba danƙon a saman doguwar kwalbar gilashi cike da silika, a dinga zuba ruwan sinadari yana ɗiga ta ƙasa, ana tarawa kwalba bayan kwalba. Watanni ta yi a haka. Abin da ta samu a ƙarshe samfura bakwai ne, kowanne farin gari a gindin 'yar kwalba, wasu ba su wuce miligiram 10 ba, sai ka ɗaga kwalbar ga haske kafin ka tabbatar akwai abu a ciki.

Tambayar da ta rage ita ce, mene ne waɗannan? Ba wanda zai yarda da cewa wani sinadari yana kashe ƙwayar maleriya in ba a faɗi yadda aka gina shi ba, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra. Haka daga baya aka gano ginin kwinin da aka ware daga bawon itace a Faransa a 1820, da na atimisinin da Tu Youyou ta ware a Sin a 1972, wanda ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Madaci kuwa cike yake da wani dangin sinadarai masu ɗaci da ake kira limonoyid, masu zobba da yawa a sarƙe, kuma 'yan gida ɗaya suna kama da juna ƙwarai. Ba a bambance su da ido ko da wari. Sai da RMN.

Abin da ƙarfin maganaɗisu yake ƙarawa

Cibiyar ƙwayar haidirojin tana da ɗan maganaɗisu nata. In an sa samfuri a cikin babban maganaɗisu aka aika masa igiyar rediyo, kowace haidirojin tana amsawa, kuma amsar tana ɗan bambanta gwargwadon maƙwabtanta a cikin sinadarin. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan a 1946 a Amurka, suka samu Nobel a 1952. Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla, kuma a kowane tesla ɗaya haidirojin tana amsawa a kan megahaz 42.58. Don haka in an ce na'ura mai 400, wato megahaz 400, ana nufin tesla 9.4. Mai 600 tesla 14.1 ce. Na'urar hoton MRI ta asibiti yawanci tesla 1.5 ce ko 3, shi kuwa maganaɗisun duniya da ke juya allurar gano alƙibla bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na tesla ba.

Ƙarin ƙarfi yana ba mai bincike abu biyu. Na farko, layukan da na'ura ke zanawa suna warewa. A na'ura mai 60, layukan haidirojin talatin ko arba'in na limonoyid ɗaya za su hau kan juna su zama tudu guda. A mai 600 tazarar da ke tsakaninsu ta ninka goma, alhali faɗin kowane rukuni bai canza ba, sai kowanne ya fito daban. Na biyu, jin na'urar yana ƙaruwa, kusan ninki 30 tsakanin waɗannan biyun. Wannan ya fi nauyi a wajen kabon, domin irin kabon da ke amsawa kashi 1.1 ne kacal cikin ɗari. Kuma ba a rama ƙarancin ji da sauƙi: in kana son amsa ta ninka biyu a fitowa, sai ka ninka lokacin awo huɗu. Mai miligiram 10 a hannu, wannan lissafin shi ne bambanci tsakanin awon dare ɗaya da awon da ba zai yiwu ba.

Da yake sashen ba shi da na'urar, hanyar da aka saba aka bi. Masana sinadaran tsirrai na Kamaru sun daɗe suna aika samfura waje, zuwa Jamus, Faransa, ko cibiyar HEJ ta Karachi a Pakistan, inda da yawa suka je da tallafin TWAS, cibiyar da ke tallafa wa kimiyya a ƙasashe masu tasowa. Akwai ma haɗin gwiwa tsayayye tsakanin jami'ar Yawunde ta ɗaya da ta Bielefeld a kan wannan fanni. Samfuran ɗalibar sun bi wani malami mai tafiya Turai, bayan an cika takardun izini, domin tun yarjejeniyar Nagoya ta 2010, da ta fara aiki a 2014, da dokar da Kamaru ta yi a 2021, ba a fitar da albarkatun tsirrai haka kawai. Can kuma suka shiga layi bayan aikin masu gida. Kusan shekara ta zagayo kafin amsa ta dawo.

Ga amsar. Huɗu daga cikin bakwai ɗin sinadarai ne na yau da kullum, irin sitosterol da sitigimasterol da kusan kowane tsiro yake da su. Ɗaya ya lalace a jira. Biyu ne kawai limonoyid, kuma a ɗayansu an ce a ƙaro samfuri don a yi ƙarin awo. Yarinyar ta zauna a kan bencin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da takardun a cinyarta, ba ta ce komai ba. Abin da ya fi damuna ba jinkirin ba ne. Ita ce ta yi dakan da tacewar, amma ba ta taɓa sa bututu a cikin na'urar ba, ba ta kuma da ikon cewa a sake wannan awon yau da dare domin wani abu ya faɗo mata a rai.

Ra'ayi uku a teburi ɗaya

Babban farfesan sashen ya ce a nemi mai 600, ba ƙasa da haka ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce: muddin awon ƙarshe a waje ake yin sa, to a waje za a dinga yanke hukunci kan tsirranmu, sunan ɗalibanmu kuma ya dinga zuwa a tsakiyar jerin marubuta. Wani matashin malami da ya yi karatu a Turai ya ce mai 400 ta isa yawancin aikin, ita ce ma aka fi aiki da ita a yawancin sassan sinadarai na duniya, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ko ita ɗin ma maganar ɗaruruwan miliyoyin sefa ake yi.

Mai kula da kayan labo, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sashen, bai yi magana ba sai da aka juyo kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi ba. Amma wa zai kawo mana hiliyom, kuma daga wane aljihu?" Farfesa ya ce, "Malam, a fara samun na'urar tukuna." Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sayen doki ba shi ne wuya ba, dusa da harawar kullum su ne."

Daga nan zaman ya koma kan hiliyom, kuma nan ne ainihin lamarin.

Maganaɗisun na'ura mai 400 ko 600 ba ƙarfe ba ne mai ja da kansa. Naɗin waya ne na niyobiyom haɗe da titaniyom ko da kuza, wanda in ya yi sanyi matuƙa wuta take bi ta cikinsa ba tare da wata turjiya ba. Kamerlingh Onnes ne ya gano wannan hali a Leiden ta ƙasar Holan a 1911, shekara uku bayan ya fara mayar da iskar hiliyom ruwa. Ana nutsa naɗin a ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, a kewaye shi da ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili don ya tare zafin waje. Sau ɗaya ake cusa masa wuta, sai a cire wayar, wutar ta ci gaba da zagayawa shekara da shekaru.

Wannan ya ba 'yan kwamitin da yawa mamaki, domin duk tsoronsu a kan ɗauke wuta yake. Tsoron yana da dalili. Arewa ta dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai megawat 72 da aka gama a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa an san yadda ake rabon wuta, ko da yake tashoshin hasken rana na garuruwan Marwa da Gidar sun rage nauyin. Amma ɗauke wuta ba ya kashe maganaɗisun. Abin da yake tsayarwa shi ne kwamfuta da akwatin rediyo da injin hura iska da na'urar sanyaya ɗaki, kuma waɗannan batura da faifan sola da janareto suna iya riƙe su.

Abin da yake kashe shi ƙarewar ruwan sanyi ne. Naitirojin ana ƙara shi duk mako ko mako biyu, kuma wannan da sauƙi, domin daga iskar da muke shaƙa ake tace shi, akwai ƙananan injuna masu yin sa, masu ajiye irin shanu ma da shi suke aiki. Hiliyom kuwa ba a ƙera shi. Daga rijiyoyin iskar gas ake samun sa, a ƙasashe ƙalilan: Amurka, Katar, Aljeriya, Rasha. Ana ƙara shi duk bayan 'yan watanni, wasu na'urorin zamani su kai kusan shekara. Yana zuwa a cikin wani tulun ƙarfe mai bango biyu da dole ya tsaya a miƙe, kuma tun daga ranar da aka cika shi yake tsiyayewa a hankali, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kullum. Yanzu a bi hanyar da zai bi: tashar ruwa ta Duwala, jiran duwan (kwastan), jirgin ƙasa zuwa Yawunde da Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan babbar mota zuwa Garwa, kusan kilomita 280, in Marwa ce a ƙara wajen 200, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Kowace ranar jinkiri kuɗi ne ke bin iska.

In kuma hiliyom ya yi ƙasa har naɗin ya fara ɗumi, wayar tana rasa halinta nan take, ƙarfin da ke ciki ya koma zafi, sauran ruwan ya tafasa cikin ƙiftawar ido. Lita ɗaya ta ruwa tana zama kusan lita 750 ta iska, shi ya sa ake yi wa ɗakin mafitar iska don kada numfashin mutane ya ɗauke. Tayar da maganaɗisun bayan haka sai injiniyan kamfani ya zo daga waje, da hiliyom ninkin na ƙari, in ma naɗin bai lalace ba. Kasuwar kuma ba ta da tabbas ko ga masu kuɗi. Da aka rufe wa Katar iyaka a 2017 an ji a jika, haka a 2022 bayan gobara a masana'antar Amur ta Rasha da matsalar da aka samu a rumbun hiliyom na Amurka, har manyan jami'o'in Turai da Amurka suka rasa cikakken kasonsu. Akwai injunan da ke kama iskar su mayar da ita ruwa, amma su ne masu son wuta dare da rana ba yankewa.

Tallafin da ake magana a kai na sayen kaya ne kawai. Babu layin hiliyom a ciki, babu na albashin ƙwararre, babu na gyara.

Buƙatar masana fiziks dabam ce

Wani malamin fiziks da aka gayyato ya kawo tasa buƙatar: yana nazarin wasu ma'adanai, yana son tesla 20 zuwa sama. Wannan ba a daɗe a kansa ba. Maganaɗisu mai tesla 45 na Tallahassee a jihar Florida yana cin wuta kusan megawat 30, wato fiye da sulusin duk abin da Lagdo za ta iya bayarwa in ta cika. Na Hefei a Sin ya kai tesla 45.22 a 2022. Ko ƙasashen Turai haɗa kai suka yi tsakanin Grenoble, Toulouse, Nijmegen da Dresden. Irin waɗannan wuraren ba a sayen su, neman lokaci ake yi a cikinsu. Ana rubuta takardar abin da za a gwada, masana su tantance, wanda ya ci ya je ya yi awonsa ba tare da biyan kuɗin maganaɗisu ba. Abin da malamin yake buƙata kuɗin jirgi ne, da biza, da wanda zai taya shi gyara takardar. Kwamitin ya rubuta wannan a matsayin buƙata ta daban.

Abin da aka tsayar

Dattijon labo da matashin malamin ne suka dawo da shawara ta uku: ƙaramar RMN ta kan tebur, mai 60 ko 80, wato tesla 1.4 zuwa 1.9. Kamfanoni irin su Magritek, Nanalysis, Bruker da Oxford Instruments suna yin su. Maganaɗisunta na dindindin ne, ba ruwanta da hiliyom ko naitirojin, soket ɗin bango ya ishe ta, kuɗinta kuma gomman miliyoyin sefa ne. Tana da nata sharaɗin: zafin ɗaki ya tsaya wuri ɗaya, domin irin wannan maganaɗisu yana canzawa da zafi, kuma a tsare ta daga ƙurar hunturu.

Farfesa ya ce wannan ba za ta warware limonoyid ba. Gaskiya ya faɗa, ba za ta iya ba. Amma aka ɗauko takardun ɗalibar aka shimfiɗa a teburi. Samfura huɗun nan na yau da kullum, da ƙaramar na'ura tana nan, a wuni ɗaya za a gane alamar danginsu a ajiye su gefe. Wanda ya lalace, da an auna shi tun yana sabo. Da biyu kawai za a aika waje, kuma a aika su da tambaya takamaimai. Bayan haka akwai aikin da yankin yake buƙata wanda bai kai ga babban maganaɗisu ba: duba ko an gauraya man gyaɗa da wani mai, auna ingancin man auduga, da tantance ƙwayoyin magani na kasuwa, a lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Irin wannan aiki yana iya kawo wa sashe ɗan kuɗin shiga. Sama da duka, ɗalibin mastar zai narka samfurinsa a rabin mililita na kulorofom na musamman, ya zuba a bututu mai faɗin milimita 5, ya sa da hannunsa, ya karanta layukan da kansa.

A nawa ganin, dattijon ya yi daidai game da yau, farfesa kuma ya yi daidai game da inda ya kamata a dosa, kuma kuskure ne a bar ƙaramar na'ura ta zama dalilin mantawa da babbar. Arewacin Kamaru da kudancin Cadi suna buƙatar RMN mai 400 ko 500 guda ɗaya ta haɗin gwiwa, ba kowace jami'a da tata ba. In ni za a tambaya, Ngaundare ce wurinta. Nan jirgin ƙasa yake tsayawa, garin yana kan tudu sama da mita 1,000 don haka zafinsa da dama, hanyar Tuboro ta haɗa shi da Mundu ta Cadi, kuma ɗaliban Cadi sun daɗe suna karatu a can. Amma kafin a sa hannu kan saye, sai an ga abu uku a rubuce: kwangilar kawo hiliyom ta shekaru, wadda za a iya haɗawa da ta duk asibitin da ke da MRI mai amfani da shi, ƙwararru biyu da aka horar kuma aka ba su albashin da zai riƙe su, da ƙa'idar rabon lokaci, don kada na'urar ta zama ta mutum ɗaya mai riƙe da makulli.

Kwamitin ya nemi mai 80, tare da batura, faifan sola, na'urar sanyaya ɗaki da ruwan narka samfura na shekara biyu. Farfesa ya sa hannu da sharaɗin a haɗa da shafi guda da ke bayyana shirin babbar na'urar haɗin gwiwa, aka kuwa haɗa. An kuma amince cewa daga yanzu ba samfurin da zai fita sai da yarjejeniya a rubuce: wa'adin dawo da amsa, a turo ainihin bayanan awo ba hoton takarda kawai ba, kuma ɗalibin da ya ware sinadarin shi ne na farko a jerin marubuta.

Ita kuwa ɗalibar ta koma kasuwa wurin Baba ta sayo sabon bawo, domin limonoyid na biyun yana buƙatar ƙarin miligiram kafin a iya tabbatar da gininsa. Wannan karon an rubuta wa abokan aikin na waje cewa ita za ta kawo samfurin da kanta, a ba ta wata uku a gaban na'urarsu mai 600, kuma ana jiran amsar masu ba da tallafin tafiya.